Ranar da Khamisu Ya Kai Mutane Kabarin Kakansa

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a bakin layin dogo na Agege ya san Khamisu. In ma bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don mutum ne da ba ya iya wanke hula ɗaya bakinsa a rufe. Shekarunsa hamsin da takwas, gajere, mai ɗan tumbi, kullum cikin farar riga da ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Aikinsa kam ba a raina shi. In ya wanke maka hula, ya ɗora ta kan katakon nan mai siffar kai ya shanya, sai ka rantse yau aka ɗinka ta. Abin da ya iya ke nan a duniya, kuma shi ne kaɗai abin da bai taɓa yin alfahari da shi ba.

Alfaharinsa na farko shi ne a Legas aka haife shi, a Legas aka haifi ubansa. Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Arewa sau ɗaya ya taɓa taka ta, wani biki a Kano, ya yi kwana huɗu ya dawo yana ƙorafin zafi da ƙuda har shekara ta zagayo. Mutanen ƙauye da ke zuwa ci-rani, masu tura kurar ruwa da masu dako da masu gadi, ba ya kiransu da komai sai 'yan saman tirela. In ɗayansu ya kawo hula, da yatsu biyu yake karɓa, ya ɗaga ta sama yana yamutsa fuska, ya tambaya ko a kan ɗan Adam aka cire ta. Su kuwa sai su yi murmushi, don a unguwar babu mai wanki kamarsa.

Alfahari na biyu shi ne kakan ubansa, wani Sunusi, kuma a nan abin haushin yake. Inno, tsohuwar da ta haifi uban Khamisu, ita ce 'yar Sunusin, kuma abin da ta faɗa bai wuce magana uku ba: ubanta mai kora jakuna ne a ayarin fataken goro, ciwon ciki ya kama shi a hanya, ya rasu kusa da wani tsohon birnin Yarabawa, abokan tafiya suka binne shi suka wuce. Shi ke nan. Amma da Inno ta rasu babu sauran mai gyara magana, sai Sunusi ya fara samun ƙarin girma a bakin jikansa. Khamisu yana ɗan talatin, Sunusi ya zama malami. Yana ɗan arba'in, ya zama shehi mai almajirai ɗari uku. Kafin ya cika hamsin, mai jakunan nan ya zama waliyyi wanda ya shiga birnin matsafa shi kaɗai da tasbaha, gumaka suka riƙa faɗuwa, sarkin garin ya roƙe shi ya zauna har ya mutu a can. Ba na jin an taɓa yi wa mamaci ƙarin matsayi da sauri haka.

Da abin ya tsaya a hirar bakin shago da babu wanda ya damu. To sai Malam Abdulrauf, limamin masallacin unguwar, gwiwoyinsa suka gaza, ya sanar cewa zai naɗa na'ibi da zai riƙa jan salla, kuma zai ji ta bakin jama'a kafin ya zaɓa. Khamisu ya sa ransa a kan wannan matsayi kamar zai mutu. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, shi ma ya sani, amma yana ganin jikan waliyyi ba ya bukatar dogon karatu. Matsalar ɗaya ce. Jama'ar da za a tambaya, kashi biyu cikin uku 'yan saman tirelar nan ne.

Wata safiya yana cikin ba da labarin gumaka a teburin Misbahu mai shayi, wani dogon Bakatsine mai sanyin magana, sai Misbahu ya ajiye buta ya ce, “Malam Khamisu, wai kabarin Shehun nan, ana iya kai masa ziyara kuwa? Mu ma mu samu albarka.”

Mutane goma sha wani abu ne a kan benci, duk suka juyo. Khamisu ya ajiye kofin shayinsa.

“Ah ah, me zai hana?” in ji shi. “Sebi, ba ni nake zuwa duk shekara ba? Ku dai ku shirya.”

Bai taɓa zuwa ba. Bai ma san inda ake zuwa ba. Mako guda ya yi yana bin direbobin Yarabawa da tambaya a ɓoye, har wani mai danfo, motar hayar Legas, ya ce ya san kufan wani tsohon birni can gaba da Ibadan, cikin daji, akwai ganuwa da ɗakunan tsafi da suka rushe, akwai kuma tsoho mai gadi da ke zagayawa da baƙi. Khamisu ya ce ai nan ne. Sannan ya zauna ya yi abin da yake ganin dabara ce: ya zaɓi mutum shida, duk 'yan ci-rani waɗanda ake jin maganarsu a masallaci, kuma babu mai jin Yarabanci a cikinsu. Haifaffen Legas ko ɗaya bai gayyata ba. Lissafinsa shi ne duk abin da mai gadi ya faɗa, ta bakinsa zai bi kafin ya isa kunnen kowa. Cikin shidan akwai Misbahu, akwai kuma Hamidu, wani dattijo daga ƙasar Gumel da ya shekara goma sha biyu yana haƙar kabari a maƙabartar Hausawa. Shi Hamidu cike gurbi aka yi da shi, don Khamisu bai taɓa jin ya haɗa jimla biyu a jere ba, ya ɗauka babu komai a kansa sai ƙasa.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba suka tashi. Khamisu ya kame a gaba kusa da direba, babbar riga fara fat, hula a karkace, takalmi mai tsini. Sauran suka cusa kansu a baya da silifas da gorar ruwa. Tun daga Agege har suka bar kwalta bai daina bayani ba. Ya nuna musu gada, ya nuna musu masana'anta, ya gaya musu sunan kowane gari kamar shi ya raɗa masa. Da hantsi ya yi suka shiga wata hanyar jar ƙasa, motar tana tangaɗi, har ta tsaya a gindin wata ƙatuwar bishiya inda wani tsoho mai sanda yake zaune.

Khamisu ya sauka ya gaida tsohon da Yarabanci mai tsawo, har da rusunawa, yana satar kallon mutanensa ya ga ko sun lura. Direba ya kwantar da kujera ya ce shi barci zai yi. Tsohon ya shige gaba, suka bi shi.

Abin da suka fara tararwa ganuwa ce. Ta zube a wurare da yawa, amma inda ta rage ta fi tsayin mutum biyu, jajawur, saiwoyin itatuwa sun ratsa ta sun riƙe. A gabanta akwai rami mai zurfi da ya zagaye garin, ciyawa ta cike shi. Suka shiga ta inda ƙofa take a da. Ciki shiru, sai kukan tsuntsaye da ƙarar busassun ganye a ƙarƙashin ƙafa. Ko'ina ka taka sai fasassun tukwane. Tsohon ya nuna musu filin da kasuwa take ci, ya nuna wani faffaɗan dutse mai ramuka fiye da ashirin inda matan garin suke niƙa, kowane rami ya yi sumul saboda hannayen da suka wuce ta kansa. Ya kai su harabar fada, wadda babu abin da ya rage mata sai gindin bango da layin duwatsun da ginshiƙai suka tsaya a kai.

Mutanen ƙauyen nan jikinsu ya yi sanyi. Ɗaya ya ce, “Allahu akbar, nan ma da mutane ne suke ta hidima.” Hamidu ya tsaya a jikin bango, ya ɓantari ƙasa kaɗan ya murza a tafin hannu, ya sunsuna, ya girgiza kai don mamakin yadda aka cuɗa ta. Misbahu ya durƙusa ya sa hannu a ramin niƙa ɗaya ya daɗe bai cire ba.

Khamisu kuwa ko a jikinsa. “Wannan shi ne birnin?” ya ce, yana kakkaɓe ƙaya daga bakin riga. “Ko kasuwar Oshodi ta fi nan tsari. Oya, ku taho, ba kallon bango muka zo ba.” Gaskiyar magana idonsa ba ya ganin komai a wurin. Abu ɗaya yake nema, wani tudu ko tarin duwatsu da zai iya nunawa ya ce ga shi. Zufa ta fara narkar da sitacin hularsa, ta yi laushi ta zauna masa a kai kamar an kifa ganye.

Daga fada tsohon ya bi da su unguwar ɗakunan tsafi. Sun kai bakwai ko takwas, a jere, rufinsu ya daɗe da faɗawa. A wani akwai ginshiƙin katako da aka sassaƙa da siffar mutum a durƙushe, gara ta cinye fuskar. A wani akwai tukwane manya a kife. Tsohon yana tsayawa a ƙofar kowanne ya faɗi abin da ake bauta wa a ciki da irin abin da ake kawo masa. Khamisu yana juyowa ya ce, “Ya ce wannan ma Shehu ne ya rushe shi.” Haka ya yi ta yi, ɗaki bayan ɗaki. Tsohon zai yi magana mai tsawo, Khamisu ya fassara da kalma biyar, kuma kullum kalmomin iri ɗaya ne. Ko wanda bai taɓa jin Yarabanci ba ya isa ya fara tunani.

Rana ta kusa tsakiya, ƙafarsa ta yi ƙuna cikin takalmi, tsoro ya fara kama shi sosai, don sun kusa gama zagaye bai ga abin nunawa ba. Sai ga shi a bayan ɗaki na ƙarshe, ƙarƙashin wata kuka: wani dogon tudun ƙasa, tsawon mutum da ɗan ƙari, an jera duwatsu a gefensa. Khamisu ya matsa kusa da sauri. Ya tambayi tsohon mene ne wannan. Tsohon ya ce dakalin da ake ajiye hadaya ne, a nan ake yanka wa abin bautar garin rago in shekara ta zagayo.

Khamisu ya juyo, ya cire hula, ya sa muryar kuka.

“Jama'a, mun iso. Ya ce nan Shehu yake kwance. Ku cire takalma.”

Ya tuɓe nasa, ya matsa, ya durƙusa a gefen tudun, ya rufe ido, ya ɗaga hannu. Addu'ar da ya kwana uku yana haddacewa ya fara kwararowa, da ƙarfi, yana jan kowace kalma. Ya yi wa Shehu kirari, ya ambaci almajirai ɗari uku, ya roƙi Allah ya sa albarkar wannan kabari ta bi zuriya, musamman wanda ya gaji sirrin gidan. Ya yi nisa sosai kafin ya lura da wani abu. Babu mai cewa amin.

Ya buɗe ido ɗaya. Mutum shida suna tsaye a bayansa, kowa da silifas a ƙafa, hannuwa a sake. Ba shi suke kallo ba, tudun suke kallo.

Ga abin da Khamisu bai sani ba, kuma da ya taɓa sa hannu a jana'iza da ya sani. Shekara arba'in yana raka gawa maƙabarta, amma daga inuwa yake tsayawa don kada ƙasa ta taɓa masa riga. Bai taɓa shiga rami ya karɓi mamaci ba, bai taɓa jera itace ba. Su kuwa waɗannan, kowannensu ya binne uwa ko uba ko ɗa da hannunsa. Sun san kabarin Musulmi daga kudu zuwa arewa yake miƙewa, kai a kudu, a kwantar da mutum kan damansa fuskarsa na duban gabas. Kuma tun da suka sauka daga mota kowannensu ya san inda rana ta fito, ba tare da ya yi tunani ba, kamar yadda mutum ya san hannunsa na dama. Wannan tudu daga gabas zuwa yamma ya miƙe.

Hamidu ne ya yi magana, a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

“Malam Khamisu, wannan ba kwanciyar Musulmi ba ce.”

“Kai kuma wa ya tambaye ka?” Khamisu ya daka masa tsawa, har yanzu yana durƙushe. “Me ka sani? Waliyyi ne, ba irin gawarwakin da kake turbuɗewa ba!”

“Ko waliyyi ne alƙibla ɗaya ce,” in ji Hamidu. Ya zagaya tudun, ya taɓa ƙasar da yatsa. “Kuma ba a taɓa haƙa nan ba. Ɗora ƙasar aka yi daga sama, aka daddaɓe. Kabari yana nutsewa in ya daɗe, wannan bai nutse ba. Babu kowa a ciki.”

Da mai kunya ne da a nan ya tsaya. Da ya ce, jama'a, ni ma labari na ji, ban taɓa zuwa ba, da wataƙila sun tausaya masa, don mutanen nan ba mugaye ba ne. Amma Khamisu bai iya wannan ba. Ya miƙe, gwiwoyin rigarsa jajawur, ya ce a zamanin da ba haka ake binne manya ba. Ya ce ƙasa tana juyawa. Ya ce girgizar gumakan da suka faɗi ce ta karkatar da kabarin. Kowace magana ta fi ta baya muni, yana yi yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai gyaɗa kai.

Tsoho mai gadi bai ji Hausa ba, amma ya ga mutum ya durƙusa yana kuka a gaban dakalin. Sai ya matso da fara'a, ya nuna tudun da sanda, ya kwaikwayi kukan rago, ya ja yatsa a wuyansa, sannan ya nuna ƙasa inda jini yake zuba. Ya maimaita har sau biyu don baƙi su gane da kyau.

Wannan bai bukaci tafinta ba.

“A'uzu billahi,” in ji Misbahu, ya ja da baya. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya zagi Khamisu. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi, don ya iya faɗa. Juyawa kawai suka yi suka bi hanyar ƙofa, suka bar shi yana neman takalmi ɗaya a cikin ciyawa.

Ya same su a wajen ganuwa, kusa da mota, suna alwala da ruwan gora, don azahar ta yi. A hanyar fitowa ya riga ya shirya abin da zai yi. Zai nuna kamar babu abin da ya faru. Zai ja sallar nan kamar yadda ya tsara tun a Agege, su ga tsayuwarsa, su ji kabbararsa, in an koma gida maganar tudu ta zama 'yar rashin fahimta tsakanin malami da jahilai. Har yanzu yana ganin zai iya. Ya yi alwala da sauri, ya zaro sabuwar dardumar da ya saya domin wannan rana, ya wuce su da taku biyar, ya tsaya.

Sai ya rasa inda zai shimfiɗa ta.

Tun da aka haife shi bango ne yake nuna masa alƙibla. A masallaci akwai inda liman yake tsayawa, a shago akwai ƙusar da ubansa ya kafa, a gida akwai taga. Nan babu bango sai na matsafa, rana kuma tana tsakar ka. Ya dubi dama, ya dubi hagu, itatuwa duk iri ɗaya. Tambaya kuwa ba zai yi ba, ko za a yanka shi. Ya zaɓi wajen da ya fi masa fili, ya shimfiɗa, ya gyara riga, ya tsaya yana jiran a tayar da iƙama.

Aka tayar. Sai dai muryar ba kusa da kafaɗarsa take ba, kuma kamar nesa take tafiya. Ya waiga. Bayansu ya gani. Mutum biyar sun yi sahu a kan ciyawa, sun ba shi baya, sun tura Hamidu gaba, shi kuma yana ta noƙewa yana gyara tsohuwar rigarsa mai jirwayen ƙasa.

Misbahu, wanda yake ƙarshen sahu, ya ɗan juyo. Babu gatse a muryarsa, abin da ya fi ciwo ke nan.

“Malam Khamisu, gabas nan take. Zo ga wuri.”

Khamisu ya tsaya da darduma a gabansa tana duban yamma. Waɗannan su ne mutanen da Malam Abdulrauf zai tambaya, kuma ya san ba sai sun ƙara komai a kan abin da suka gani ba. Hamidu ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Khamisu ya sunkuya ya naɗe dardumar, ya zagayo, ya tsaya kusa da mai shayi a ƙarshen sahu. Da mai haƙar kabari ya yi ruku'u, shi ma ya yi.